Kafin a Kai Maraɗi: Jini, Jijiya da Hannun Farko

Bahaushe yana da kalma guda, jijiya, wadda ya ɗora wa kaya huɗu. Farin zaren da mahauci ke cirewa daga nama jijiya ce, ko da yake akan ce da ita agara. Wadda ke kai saƙon zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa jijiya ce. Koren layin da ke kwance a bayan hannun tsoho, inda malamin asibiti ke soka allura, shi ma jijiya ce. Ta huɗu kuwa ba a ganin ta, sai dai a ji ta: ita ce wadda ke harbawa a ƙarƙashin yatsa idan an dafa wuyan hannu ko gefen maƙogwaro. A zaman lafiya wannan haɗakar suna ba ta cutar da kowa. Ranar da ƙarfe ya shiga jiki kuwa, bambancin da ke tsakanin ta uku da ta huɗu shi ne bambancin da ke tsakanin rauni da makoki.

Jijiya mai harbi ita ce ke ɗauko jini daga zuciya ta kai shi gaɓoɓi, saboda haka jinin cikinta a matse yake, kamar ruwan da injin ban ruwa ke turawa cikin tiyo. Ɗayar, mai mayar da jini zuwa zuciya, a hankali take tafiya. Idan an yanke ta jininta duhu-duhu ne, yana malala. Idan mai harbi aka yanke, jini ja wur yake fitowa, yana tsartuwa daidai da bugun zuciya. Duk wanda ya taɓa riƙe ragon layya ya ga wannan da idonsa, ya kuma ga yadda ƙaton rago ke yin laushi cikin ɗan lokaci. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. Idan lita 2 ta zuba, rai ya shiga haɗari, kuma babbar jijiyar cinya tana iya zubar da wannan adadi cikin ƴan mintoci.

Ƙaramar hukumar Gabi, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, wuri ne da wannan magana ta shafa kai tsaye. Ƙasa ce ta noma da kiwo da saran icce, tana jingine da dajin Baban Rafi wanda ya daɗe yana ba birnin Maraɗi iccen girki, tana kuma bakin iyaka da Najeriya. Gatari da adda da lauje su ne abokan aikin yau da kullum. Babur ya ƙaro nasa rabon na karaya da yanka. Sannan a ƙarshen shekarun 2010 ƴan bindiga masu satar shanu da sace mutane suka addabi ƙauyukan iyaka, har dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi gudun hijira a 2019, raunin harsashi ya shigo cikin abin da gidajen likitan karkara ke gani. A taswira Gabi ba ta da nisa da Maraɗi. Amma wanda ya yi tafiyar a kan amalanke, ko ya tarar da gulbi ya kawo a watan Agusta, ya san nisan hanya da awa ake auna shi.

Wani malamin makarantar boko da ya yi aiki a ɗaya daga ƙauyukan bakin dajin ya ga abin a ƙofar ajinsa. Da hantsi ne, bayan girbi, wani magidanci yana faskare a bayan makaranta, gatari ya goce ya same shi a cikin cinya, sama kaɗan da gwiwa. Kafin malamin ya iso mutane sun taru, ana ta salati. Wata tsohuwa ta kawo toka, wani ya kwance igiyar akuya ya ɗaura a cinyar, jini bai fasa tsartuwa ba. Sai ga wanzamin garin da zabirarsa da garin bagaruwa a ƙunshe. Ya durƙusa, ya duba sau ɗaya, ya mayar da ƙunshin cikin zabira.

«Mushe, wannan ba jinin bagaruwa ba ne. Jijiya ce ta ɓalle. In kana da dabara, yi ta yanzu.»

«To Baba, ara mini rawaninka, kai kuma ka sa hannu biyu ka danne nan, kada ka ɗaga ko an kira ka.»

Malamin ya tuna darasin agajin gaggawa da aka yi musu a makarantar horon malamai. Ya yayyage rigarsa ya cusa cikin raunin, tsohon ya danne da dukan nauyinsa. Ya ninke rawanin ya yi faɗi, ya zagaya cinyar da shi sama da raunin, ya ƙulle, ya sa guntun icce cikin ƙullin ya yi ta murɗawa. Mai raunin ya yi ihu, ƴan'uwansa suka ce a sassauta, malamin ya ƙi, ya ci gaba da murɗawa har tsartuwar ta tsaya. Ya duba agogo, ya rubuta lokacin da biro a hannun mutumin. Daga nan amalanke, daga amalanke mota, aka biya gidan likita aka sa masa ƙarin ruwa, aka wuce birni. Bayan makonni mutumin ya dawo da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi, da dogon tabo a cinyar da aka sara da wani a ɗaya ƙafar.

Abin da ya tsaya wa malamin a rai shi ne washegarin ranar. Ya shiga aji da niyyar bayyana wa yara abin da suka gani, sai ya tarar da faransanci ya ba shi kalmomi biyu ga jijiyoyin jini biyu, Hausa kuwa guda ta ba shi. Ya kuma lissafa: cikin mutum talatin ko fiye da suka kewaye mai raunin, kowa yana son ya rayu, amma babu wanda ya san abin yi. Ƙauna ta cika wurin, sani ne ya yi ƙaranci.

Ba a ce mutanen da ba su san jini ba. Wanzami ya san inda zai tsaga ya yi ƙaho da inda ba ya kai aska. Garin bagaruwa da yake barbaɗawa bayan kaciya yana da ɗaurin da ke tsuke nama, shi ne dai ɗaurin da majemi ke jeme fata da shi, kuma yana tsayar da ɗan jinin da ke tsatsafowa daga fata. Ƙarfinsa nan ya tsaya. Jinin da zuciya ke turowa yana wanke kowane gari kafin ya kama. Toka da ƙasa da kashin shanu kuwa, ban da rashin tsayar da jini, suna shigar da ƙwayar tetanos, ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya ɗaure haƙora. Hikimar wanzamin ƙauyen nan ita ce da ya san iyakar zabirarsa ya kuma faɗa a gaban jama'a.

Wannan matsala ta daɗe tana ba masana wuya. Wajen shekara ta 1000, a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, likita Abul Ƙasim az-Zahrawi ya rubuta littafinsa at-Tasrif mai kashi 30, na ƙarshensu a kan aikin fiɗa. A ciki ya umarci ɗalibi da ya fara ɗora yatsa a bakin jijiyar da ta fashe, sannan ya lissafa hanyoyi huɗu na tsayar da jininta: lalas da ƙarfe mai zafi, ko ƙarasa yanke jijiyar idan rabi aka yanke, ko ɗaure ta da zare, ko sa magani a ɗaure tam. Hanya ta biyu tana ba mai karatu mamaki, amma gaskiya ce da likitocin yau suka tabbatar. Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya takan ja da baya ta tsuke bakinta, wadda aka yanke rabi kuwa bakinta a wangale yake zama, jininta ya fi wuyar tsayawa.

A Turai, wanda ya farfaɗo da ɗaurin zare shi ma daga gidan aski ya fito. Ambroise Paré, wanzamin da ya zama likitan sarakunan Faransa, ya bi rundunoni zuwa fagen fama, kuma a 1552 ya bar ƙona kututturen ƙafar da aka yanke, ya koma ɗaure jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagayawa yake yi, daga zuciya ya fita, gare ta ya koma. Wannan ne ya ba ɗaurin gaɓa ma'anarsa: idan ana son tsayar da jinin jijiya mai harbi, tsakanin rauni da zuciya ake tare shi, kamar yadda mai lambu ke datse ruwa daga sama. A 1718 Jean-Louis Petit ya ƙera maɗauri mai kusa da ake murɗawa, kakan wanda sojoji ke ratayawa a yau.

Sai dai ɗaurewa tana tsayar da jini ne ta hanyar rufe hanya, abin da ke ƙasa da ɗaurin kuwa yana iya mutuwa. Ɗinke jijiya ta koma tana aiki shi ne ya gagara. A ranar 24 ga Yuni 1894 aka soki shugaban Faransa Sadi Carnot da wuƙa a birnin Liyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke shiga hanta, manyan likitocin birnin suna tsaye ya rasu. Wani ɗalibin likita a birnin, Alexis Carrel, ya ƙudurta cewa abin da aka yanke ana iya ɗinke shi. Ana ba da labarin cewa wurin wata gwanar surfani ya je ya koyi riƙon siririyar allura. A 1902 ya bayyana dabararsa: a kafa ɗinki uku a bakin jijiya, a ja su, zagayayyen baki ya zama mai kusurwa uku, sai a bi kowane gefe a ɗinke kamar bakin riga. Ta kawo masa kyautar Nobel a 1912. Ra'ayoyin da ya yaɗa daga baya na fifita wasu mutane a kan wasu sun zubar masa da mutunci, har aka cire sunansa daga makarantar likitanci ta Liyon a 1996, amma ɗinkin ya rage a hannun likitoci.

Yaƙi ne ya auna amfanin abin. A Yaƙin Duniya na Biyu ɗaurewa aka fi yi. Likitoci biyu na sojan Amurka, DeBakey da Simeone, sun bi bayanan raunukan jijiya 2,471, suka buga sakamakon a 1946: kusan rabin waɗanda aka ɗaure wa jijiya sun rasa gaɓar, a jijiyar bayan gwiwa kuwa fiye da bakwai cikin goma. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, aka koma ɗinki, ana kuma kwaso masu rauni da jirgi mai saukar ungulu, sai yankan gaɓa ya sauko zuwa wajen 13 cikin 100. Abu biyu ne suka haɗu, gwanintar hannu da saurin isowa, kuma ɗaya ba ta wadatar ba tare da ɗayar ba.

Abin da likitan fiɗa ke yi a yau yana da tsari. Ba ya fara taɓa raunin. Yakan nemo jijiyar daga sama da kuma daga ƙasa, ya kama ta da matsi mai taushi, sannan ya buɗe wurin. Ya datse gefen da ya dagargaje, ya zura siririn bututu mai ƴar balan-balan a kai, wanda Thomas Fogarty ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960, ya jawo gudajin jinin da suka toshe hanya, ya wanke da ruwan heparin mai hana daskarewa. Idan bakunan biyu suna haɗuwa ba tare da ja ba, ya ɗinke su da zare mai kaurin gashi, yana lura cikin jijiya ya sadu da cikin jijiya sumul, domin duk wani kaushi gudan jini ne zai taru a kansa. Idan giɓi ya yi yawa, ya ciro doguwar jijiya mai mayarwa daga ɗaya ƙafar, ya juya ta kai ya koma ƙasa saboda ƴan ƙofofin cikinta da ke barin jini ya bi hanya guda, ya yi gada da ita. Asalin tabo na biyu ke nan a jikin mai faskaren. Idan ƙafa ta daɗe ba jini, yakan tsaga fatar ƙwauri da rufin tsoka don kumburin da zai biyo baya ya sami wuri. A ƙarshe ya saki matsi ya dafa bayan ƙafa, yana jiran harbi. Ba kowace jijiya ke bukatar wannan ba: damtse zuwa tafin hannu jijiyoyi biyu ke ciyar da shi, ƙwauri uku, ana iya ɗaure guda sauran su riƙe. Ta bayan gwiwa ce ba ta da mataimakiya ta kirki.

Duk wannan gwaninta tana ƙarƙashin agogo. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa, kuma bayan wajen awa 6 ceto yana wuya. Maganin da ake kira tranexamic, mai hana gudan jini narkewa, an gwada shi a kan masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40, aka buga sakamakon a 2010: yana rage mutuwa, amma sai an ba da shi cikin awa 3 na farko. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun fiɗa mai aminci a lokacin da suke bukata, ya kuma sa ma'auni cewa ya kamata mutum ya iya kai wa asibitin fiɗa cikin awa 2. Nijar ta yi nata yunƙurin tun tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka fara ba likitocin gama-gari horon fiɗa domin asibitocin gunduma. Maraɗi tana da asibitin jiha da babban asibitin da ake tura masu tsananin ciwo, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma tana horar da likitoci. Amma babu likitan da zai ɗinke jijiyar wanda jininsa ya ƙare a kan amalanke. Mintoci goma na farko a hannun maƙwabci suke, ko ɗan'uwa, ko ɗan makaranta.

Abin da ake bukata daga wannan hannun farko bai fi a ƙirga da yatsu ba. Na ɗaya, a danne. A sami tsumma mafi tsabta da ke kusa, a cusa cikin rauni idan mai zurfi ne, a danne da nauyin jiki, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, domin kowace leƙawa tana rushe gudan da ya fara kamawa. Idan tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan ƙarfe ko icce yana kafe a ciki, kada a zare shi, a danne kewayensa. Na biyu, idan hannu ne ko ƙafa kuma danna ta kasa, a ɗaure. Ɗaurin ya kasance mai faɗin yatsu uku ko fiye, rawani ko zane ko ɗankwali, a sama da raunin da kamar faɗin tafin hannu, ba a kan gwiwa ba, a murɗa da sanda har jini ya tsaya. Igiya da waya da robar taya suna yanka nama su lalata jijiyar ji. Sakakken ɗauri kuwa ya fi rashin ɗauri muni, don yana toshe hanyar komawa ya bar ta zuwa a buɗe, jini ya ƙaru. Abin da igiyar akuyar nan ta yi ke nan. Ɗauri na gaskiya yana da zafi ƙwarai, kuma zafin ba dalilin sassautawa ba ne. A rubuta lokacin, a bar kwancewa ga ma'aikacin lafiya. Gaɓa takan jure wajen awa 2 a ɗaure ba tare da lahani mai ɗorewa ba, kuma ko an wuce haka, rai ya fi ƙafa. Na uku, a wuya da hammata da matsematsi babu wurin ɗauri, sai cusawa da dannawa har a isa. Na huɗu, a kwantar da mai rauni, a lulluɓe shi ko da ana zafi, kada a ba shi fura ko ruwa saboda maganin barcin fiɗa. Na biyar, a buga waya tun ana hanya, kuma a tafi da ƴan'uwa masu lafiya da za su ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi.

Akwai wata magana mai nauyi da ba ta faɗuwa sai daga bakin na gida. Wasan tauri gado ne, kirarinsa da kiɗansa abin adanawa ne. Amma saurayin da ya sha maganin ƙarfe ya yarda cewa adda ba ta cin sa, ranar da ta ci shi yakan ɓoye raunin don kunya, ko abokansa su tsaya neman wanda ya karya maganin alhali jini yana zuba. Ƙungiyar al'ada da ke girmama sarkin tauri ita ce ke da bakin gaya masa cewa ɗaurin rawani ba ya rage wa kowa daraja.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Darasin nan awa guda ya ishe shi, kayan aikinsa zane ne da sanda, kuma yaron aji biyar yana iya koyon sa ya kai gida. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka shekara suna faɗakarwa a kan rigakafi da auren wuri suna iya nuna shi a dandali da gidajen rediyon karkara. Masu saran icce na Baban Rafi, da ƴan kabu-kabu, da mahauta, da wanzamai, kowane rukuni yana da sarkinsa da ranar taronsa, kuma ma'aikatan lafiya da na Kuros Ruj suna da masu horarwa idan an gayyace su. Saura aikin da ya rataya a wuyan malamai da masu kishin harshe, wato raba kayan nan huɗu da aka ɗora wa kalma guda. Ko a ce jijiya mai harbi da jijiya mai mayarwa, ko a zauna da tsofaffin wanzamai da mahauta a tono sunayen da suka fi waɗannan, muddin dai za a daidaita a kan abu guda a sa shi cikin littattafan makarantun da ke koyarwa da harshen gida. Ranar da yarinya a Gabi za ta iya cewa a waya «mai harbi ce, a cinya, an ɗaure da ƙarfe goma», malamin asibiti zai san abin da zai shirya tun motar ba ta taso ba.